Dangi suna cika mini gona, amfani yana salwanta, ni kuma ba na son ɓata zumunci

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a nan Zariya. Shekara uku ke nan da na sayi gona eka biyu ta wajen Shika, don sha'awa da ɗan abin da za a sa a baki a gida. Asabar da Lahadi kawai nake zuwa, akwai yaro mai gadi. Ina noma masara da wake, da ɗan lambu, ga kaji kusan talatin da tumaki huɗu. Duk Sallah da duk hutun makaranta sai 'yan'uwa su ciko mota da yara su zo. Bara yara suka tattake bedin tumatir, suka kakkarya masara tun ba ta ƙosa ba. Gwaggo ta kawo mini kyautar kaji daga ƙauye, cikin mako biyu nawa suka mutu, saura shida. Yayana ya ajiye ragunansa biyu har wata biyu, suka cinye harawar da na tanada. Masara buhu tara na samu, biyu suka shiga gidana. Uwargida ta ce in kulle gonar. Ni kuwa nauyinsu nake ji, kuma har ga Allah ina son zuwansu. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kulle gonar. Uwargida tana da gaskiya a kan asarar da aka yi, kuma ya kamata ka faɗa mata haka. Amma yaron da ya tashi a cikin gari, bai taɓa ganin yadda masara ke fitar da gemu ba, ya samu kawu mai gona, wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma ba ma son ka rasa ladansa. Abin da muka gani a wasiƙarka shi ne gonar ba ta da wurin baƙi kuma ba ta da lokacin baƙi. Kowa ya sauko daga mota kai tsaye cikin shuka yake faɗawa, a ranar da ya ga dama. Waɗannan biyun za ka gyara, kuma duk aikin hannu ne, ba na rigima ba.

Mu fara da kaji, don nan ne asarar ta fi ciwo kuma ta fi saurin dawowa. Ba mu ga kajin ba, amma mutuwa irin wannan, bayan shigowar baƙuwar kaza, ta fi kama da cutar Niyukasul: kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, kashinta ya yi kore, wata wuyanta ya murɗe. Ta fi ɓarna da hunturu. Kazar ƙauye tana iya ɗauke da ita alhali tana kiwonta lafiya lau a ido, saboda haka ba laifin Gwaggo ba ne. Ka karɓi kyauta hannu biyu, ka yi godiya, sannan ka kai kazar wani akurki dabam da ka tanada can nesa da naka, ta yi mako biyu cur da nata mazubin ruwa da na tsaba. Mai gadi ya fara ciyar da naka tukuna, ya ƙare da baƙuwar, ya wanke hannu. Idan kuma don ci aka kawo, a yanka ranar, a binne gashi da kayan ciki a rami mai zurfi, kada a watsar kaji su tona. Naka kuma a yi musu rigakafi duk wata uku zuwa huɗu, ɗaya ya faɗo a Oktoba kafin iska ta juya. Akwai irin da ake ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya kowace kaza, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom take yi. Ka saya a wurin da kake da tabbacin ana ajiye shi a sanyi, ka ɗauko shi cikin ƙanƙara, kuma da an haɗa shi da ruwa a gama amfani da shi cikin awa biyu. Rigakafin da ya sha rana a bayan mota ruwa ne kawai.

A bakin ɗakin kaji ka sa faranti mai faɗi da tsumma jiƙe da ruwan Izal, duk mai shiga ya taka. Gara ma a ce baƙi daga bakin waya za su tsaya su kalla, musamman wanda yake kiwon kaji a gidansa. Mutanen wannan yanki ba su manta ba, a Jaji ne aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a 2006, kuma takalmi da tayar mota suna cikin abin da ke yawo da irin waɗannan cututtuka. Idan ka ga kaji da yawa sun faɗi dare ɗaya, kada a yanka, kada a ci, a kira likitan dabbobi. Kana kusa da asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika a hancinka.

Maganar ragunan Yaya lissafi take so. Rago mai nauyin kilo 30 yana cin busasshen abinci kilo ɗaya ko fiye kaɗan a rana. Raguna biyu a kwana 60, ka ga kilo 120 zuwa 150 na harawa da dusa da kowar wake sun tafi, wato abin da tumakinka huɗu za su ci fiye da wata guda a tsakiyar rani, lokacin da harawa ta fi tsada. Yaya bai yi wannan lissafin ba, mai yiwuwa a ganinsa gona ai ciyawa ce. Ka same shi a gida tun kafin lokacin sayen raguna, ba ta waya ba, bayan an gaisa ka ce: "Yaya, bana ma a kawo ragunan, wuri yana nan. Sai dai harawata ba za ta ɗauke mu duka ba. In an haɗo su da buhun dusa biyu da kuɗin harawa, ni zan tsaya a kan kulawar." Babu raini a cikin wannan magana. Ka ba shi wuri, ka ba shi wahalarka, abinci kawai ka nema.

Idan sun zo, a ɗaure su a turke dabam mako uku, don ragon kasuwa yakan zo da cutar PPR, mai sa majina da zawo da gyambon baki, kuma tana share garke. Tumakinka a yi musu allurarta tun suna wata huɗu, allura ɗaya tana kare su shekaru. Maganin tsutsar ciki kuma a farkon damina da ƙarshenta. Duk ragon da aka yi wa allurar magani dab da Sallah, a duba kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a halatta cin namansa.

Abu biyu ne baƙi suke kashe dabba da su ba da saninsu ba. Na farko leda. An sha ruwan leda an yar, an ci gyaɗa an yar, tunkiya ta lasa ta ji gishiri ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi, dabbar ta dinga ramewa ciki yana girma, sai bayan an yanka a ciro dunƙule kamar tsumma. Na biyu ragowar abinci. Yara suna jin daɗin ganin rago yana ci, sai a juye masa tuwo ko shinkafa ko tsabar masara kwano guda. Cikin da ya saba da harawa ba ya ɗaukar wannan lokaci ɗaya, sai ya kumbura, wani kafin safiya ya mutu. Ka rataya buhu a jikin bishiya don leda, ka naɗa babba a cikin yaran sarkin shara. Mai son ciyar da rago a ba shi harawa a hannu.

Yanzu wurin baƙi. Wannan aikin rani ne, Janairu zuwa Maris, lokacin da gona ta huta kuma kara da zana suna da araha. Daga bakin shiga, kusa da inda mota ke tsayawa, ka share fili ka kafa rumfa mai kamar mita 4 a 6, da tabarmi da randa da butoci, da murhu na duwatsu uku a gefen da iska ba ta kaɗo wuta wajen kara. Ka fitar da hanya mai faɗin mita ɗaya daga rumfar ta zagaya gonar ta dawo. Yaro in ya ga hanya yakan bi ta, in bai gani ba ya yi tasa a kan bedi. Bayan gida na rami ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, kuma ta gangare. Rijiyar kanta a ɗaga bakinta da bulo, a yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne bana, to murfin rijiya ne.

Kewaye eka biyu da waya mita 360 ne ko kusa, kuɗi ne masu yawa, kuma ba shi kake buƙata ba. Lambu da garke da ɗakin kaji kawai za ka killace. Sauran iyaka ka kafa dashi: ana sare rassansa masu kauri a kafa a ƙarshen rani, da ruwa ya sauka su kama. Zogale da lalle ma suna yin shinge mai amfani. Bini-da-zugu kam ka bar shi, ko da maƙwabta suna yi, don 'ya'yansa guba ne kuma yara suna ɗauka kamar gyaɗa. Idan kana son inuwa ta dindindin a wajen rumfar, ka haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi tun Afrilu, ka cika da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ka dasa mangwaro mai aure a ƙarshen Yuni. Shekara uku zuwa huɗu ya fara 'ya'ya. A ranin farko yana son bokiti ɗaya sau biyu a mako, da kariya daga awaki, kuma a kula da gara.

Sai lokaci. A Zariya ruwa yana fara sauka a Mayu, yakan zauna sosai a Yuni, marka a Agusta, ya ɗauke a Oktoba. Mako shida na farko bayan shuka su ne rayuwar masara, kuma kai Asabar da Lahadi kawai gare ka, wato kwana goma sha biyu ne a hannunka a duk wannan tsakanin. A cikinsu za ka yi shuka, santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin rami, ƙwaya ɗaya ko biyu a cire ɗaya daga baya. Kwana 10 zuwa 14 bayan shuka ka sa takin kamfa, buhu uku a eka, a tona gefen shuka kamar tsawon yatsa a rufe, kada a watsa a sama ruwa ya tafi da shi. Mako na biyu zuwa na uku noman farko. Mako na biyar zuwa na shida maimai da yuriya buhu ɗaya, a yi huɗa a rufe. Kowane mako kuma da sassafe ka leƙa tsakiyar ganye, don tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016. Alamarta huji a ganye da kashi kamar garin katako. Ka duba tsiro hamsin, goma-goma a wurare biyar, in goma sun kamu ka yi feshi da yamma, bakin famfo a cikin ƙoƙon ganyen. Asabar ɗaya da ta tafi a hira da dafa abinci a wannan lokacin, ita ce buhu ɗaya ko biyu da ba za ka gani ba da kaka. Saboda haka daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli ba lokacin taro ba ne. Wanda ya zo da fartanya, maraba da shi.

Ba sai ka ce wa kowa kada ya zo ba. Kai za ka riga su gayyata. Tun kafin a yi hutu ka aika wa dangi cewa ranar Asabar kaza ta ƙarshen Agusta akwai gashin masara a gona, kowa ya zo da yara, sannan akwai ta biyu a Disamba ranar rabon amfani. Mutumin da aka sa wa rana ya san an girmama shi, kuma da wuya ya yi zuwan bazata. Sallah ita ce ba ta da tsayayyen wata, kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Babbar Sallah ta 2024 a tsakiyar Yuni ta faɗo, ta 2025 a farkonsa, daidai kan shuka, shi ya sa ka ji jiki. Yanzu tana komawa bazara, shekaru masu zuwa za su fi maka sauƙi. Masu zuwa kallon hawa daga Kaduna ko Abuja, ka ware musu yini ɗaya bayan an gama hawan, a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar sakaliya, don kada dare ya same ku da mata da yara a hanya.

Masarar da yara suka karya, maganinta ka shuka musu tasu. Kusa da rumfa ka ja kunya biyar masu tsawon mita 20. Kowace tana ɗaukar tsiro 80, ka ga goyo kusan 400 ke nan. Ka nemi iri mai saurin nuna, cikin jerin irin masara mai suna SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru akwai masu yi da wuri, ka tambaya a can. Ɗanyar masara tana isa gashi kamar kwana 20 bayan fitar gemu, wato kwana 70 zuwa 80 daga shuka. Wadda aka shuka a tsakiyar Yuni, ƙarshen Agusta ta yi, daidai dogon hutu. Bayan mako biyu ka ƙara kunya biyar, don in ranar ta goce a samu ta biyu. Ka tara yaran ka nuna musu da hannunka: gemu ya bushe ya yi baƙi-baƙi, goyo ya cika tafi, a ɗan buɗe bawo a danna ƙwaya da farce, in ruwa fari kamar madara ya fito ta yi, in ruwa garau ne a mayar da bawon a bar ta. Ka ɗaura jan ƙyalle a kunyar ƙarshe ka ce daga nan ta Kawu ce. Ka sa kuɓewa da yakuwa layi biyu a gefe don iyaye mata su tsinka da kansu. Waɗannan kunyoyin ba a yi musu feshi idan ya rage mako uku a zo.

A nan za mu ja kunnenka da ƙarfi. Maganin feshi, na ciyawa ne ko na ƙwari, a kulle shi a akwatin ƙarfe, mabuɗi a aljihunka. Kada a taɓa juye shi a robar lemo ko ta ruwa, ko da mai shago ne ya auna maka a ciki, don ta haka yara suke sha. Wasu magungunan ciyawar kurɓa ɗaya ta isa ta kashe, kuma ba su da makari. Robar da ta ƙare a huda ta, kada wata baƙuwa ta ɗauka ta wanke ta zuba mai. Kafin ranar zuwa a sassabe ciyawa kewaye da rumfa da gefen hanya, yara su sa takalmi rufaffe, kuma kada su cusa hannu ƙarƙashin tarin kara ko harawa, nan kububuwa da kasa suke kwanciya. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wa da igiya tamau. A kwantar da wanda macijin ya sara, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Bedin tumatir kuwa, tunda a Satumba zuwa Oktoba ake zuba iri a dasa bayan mako huɗu, ka kai shi cikin killataccen lambun ka yi masa rufin ciyawa. Wake ana shuka shi daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, yana fure yana shan feshi a Satumba, saboda haka a yi shi can ƙuryar gona, nesa da baƙi.

Saura rabo, wanda muka san shi ne ya fi cin ran uwargida. Buhu tara ya zama biyu ne don an yi rabon a bakin masussuka, kowa yana kallo, kai kuma ba ka iya cewa a'a. Bana kada a gurza masara ranar taro. Ka girbe a Oktoba zuwa Nuwamba, ka shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, har ƙwaya ta yi ƙaras in an ciza. Gwajin da ya fi wannan: ka zuba ƙwaya da busasshen gishiri cokali ɗaya a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka ajiye. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, kuma masara mai laima tana yin hunhuna mai guba. Ta bushe, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, ba ya buƙatar magani. Ƙwayar maganin rumbu mai fitar da iska kuwa, kada ta kwana a ɗakin da mutum yake kwana.

Daga nan ku zauna kai da uwargida ku biyu, da takarda. Zakka farko: nisabin hatsi wusƙi biyar ne, kimanin kilo 650, buhu shida da rabi ke nan na mai kilo 100, kuma abin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ake fitarwa. Buhu tara ya kai, abin fitarwa ya kusa buhu guda, kuma 'yan'uwa mabuƙata waɗanda ciyar da su bai wajaba a kanka ba suna iya karɓa. Sannan abincin gidanka na shekara, uwargida ce ta san tiya nawa ake ci a wata. Sannan buhun da za a sayar a mayar da kuɗin taki da ƙodago, da rabon mai gadi, kada a manta da shi. Abin da ya rage shi ne na dangi. A auna shi da tiya a ƙananan buhuna tun a gida, kowane gida da nasa, ko tiya biyar ce ko goma. Na Gwaggo da na Yaya ka kai musu har gida da kanka kafin ranar taro. Sauran a jera su a rumfa ranar Disamba, uwargida ta miƙa wa kowace mace nata da hannunta, don a san daga gidanku ya fito ku biyu.

Kafin wannan ranar, tun a Nuwamba, a share ciyawa faɗin mita uku kewaye da gonar saboda gobarar masu farautar gafiya, harawa kuma a ɗora ta a kan rumfa mai tsayi, a rufe, nesa da murhun baƙi. Yaran da suka zo a ba su aikin ɓarar wake a kan tabarma. Kowar da ta fito a tara ta a buhu, ita ce abincin tumaki na watan Maris.